Ranar da Na Yi wa Kura Afuwa

Har yau ban manta da ranar da aka zo duba ajina ba, a wata makarantar nazare da ke Wulari. Watana biyu ke nan da kama aiki, ina cikin lokacin gwaji, wato daga rahoton shugabar makaranta za a san ko zan zauna ko in koma gida.

Shugabar, Hajiya Yagana, ta ba ni aikin tace tatsuniyoyi: wacce ta dace da 'yan shekara uku, wacce sai 'yan biyar. A jami'a an koya mana cewa ƙaramin yaro bai cika bambance gaskiya da ƙage ba. Saboda haka, bayan dogon tunani, na cire duk wata mutuwa. Kurar da ta saba faɗawa rijiya sai na sa ta ba da haƙuri ta tafi gida.

Ran nan Hajiya ta zauna a baya da biro, na karanta wa 'yan shekara huɗu. Na gama, aji ya yi tsit. Na ɗauka tarbiyya ce ke shiga.

Sai wata yarinya, Bintu, ta ce, “Anti, gidan Kurar a ina yake?”

Na ce, “To... watakila a daji.”

“Ta san hanyar unguwar Fezzan? Can ne gidanmu.”

Kafin in samo amsa mutum uku sun fashe da kuka, ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur. Na ga biron Hajiya yana motsi.

Ya Falmata, dattijuwar da ke rainon yaran, ta ajiye buta ta ce, “Ku yi shiru, Anti ba ta ƙarasa ba. Kura tana fita, sai rijiya, tsundum! Ƙurunƙus.” Ajin ya kaure da tafi. Ta waiwayo ta ce, “Wushe, sannu da aiki, 'yata. Ke da digirinki kika saki kura cikin unguwa?”

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ba ta sallame ni ba, amma ta ce duk jerin tatsuniyoyin da zan yi nan gaba sai Ya Falmata ta ji shi tukuna.

Ba zan ce littafi ya yi kuskure ba, ƙila ni ce na karanta rabi. Abin da na gane shi ne, yaro yana iya jure kura, muddin ya ga ƙarshenta. Ku sababbi, kafin ku gyara tatsuniya, ku tambayi wadda ta shekara talatin tana share hawayen masu sauraronta.