Ranar da Kaka ta Sauke wa Jirgi Kaya

Har yau, in kwamfuta ta ɗau zafi fankarta ta fara wannan siririn kukan nata, sai in gan ni a zauren gidanmu na Tudun Wada, ina 'yar shekara goma, riƙe da mafici. Bari in ba ka labarin abin da ya haɗa mafici da kwamfuta.

A shekarar ne babanmu da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, suka sama wa mahaifiyarsu kujerar Makka. Tun kafin a gama girbi Kaka ta shiga shiri. Ta shanya kuɓewa, ta daka kuka da yaji, ta aika Dangora aka sayo mata daddawa, wata ƙawarta Bafulatana ta kawo man shanu cikin galan. Manyan jakunkuna uku ta cika, tana cewa ba za ta je ƙasar mutane ta rasa miyar kirki ba. Sai da ya rage kwana goma a kira maniyyata, ta idar da sallar walaha ta ce ta fasa, ba za ta hau jirgi ba.

Kada ka ɗauka matsoraciya ce. 'Yar fatake ce, ta tashi tana bin jakunan mahaifinta kasuwa-kasuwa, ta sha ƙetare rafi da damina da kaya a ka. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mata a rai: abin da ba ya taka ƙasa, in ya gaji a ina zai tsaya ya huta? Liman ya yi mata nasiha, hajiyoyin unguwa suka yi ta ba ta labari, ko gezau. Ga gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, kowa a gidan ya san in ba ta je bana ba, da wuya ta sake samun ƙarfin zuwa. Babanmu har abinci ya rage ci.

Baffa ma'aikacin ruwa ne a Tiga, kuma Allah ya ɗora masa son na'ura. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake wasan tuƙa jirgin sama a cikinta, da sandar tuƙi da yake ji da ita kamar 'yar fari. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a kan babur, ya naɗe kwamfutar da bargo ya ɗaure a baya, ya ce yau Inna, wato Kaka, za ta ga yadda jirgi ke tashi da sauka da idonta. Aka aro janareta, aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi.

Mu ya fara gwada wa. Ba zan iya kwatanta maka daɗin da na ji ba lokacin da jirgin ya sheƙa a guje, hancinsa ya ɗaga, ƙasa ta fara ja da baya. Kano ta koma kamar tabarma, hanyoyi suka zama zare. Ya karkato kudu har muka hango ruwan Tiga yana sheƙi, muka yi ta tsalle muna neman gidanmu, ko da yake babu komai a wurin sai launin kore da ruwan ƙasa. A nan take na ƙudura a raina cewa ni ma sai na riƙe sandar nan wata rana.

Da za a kira Kaka, sai Baffa ya so ya yi bajinta. Yana da wani faifai da abokinsa ya ba shi a birni, mai ɗauke da garin Jidda gida-gida. Ya saka shi, ya shiga wurin da ake ƙara wa hoto kyau ya tura komai har ƙarshe: benaye, motoci, itatuwan dabino, jiragen ruwa, gajimare, har inuwar kowane gini. Ya ajiye jirgin a saman teku daf da sauka.

Kaka ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a kujerar tsugunne. Sai ga garin ya bayyana. Fararen benaye ne jere a bakin ruwa, ga hasumiyoyin masallatai, ga motoci na kai-komo ƙanana kamar tururuwa. Na saci kallon Kaka na ga ta saki baki.

Sai jirgin ya fara tafiyar gurgu. Ya ɗan matsa, ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa. Fanka ta kama kuka, warin roba mai zafi ya cika zauren. Can sai komai ya daskare, jirgi a rataye tsakanin sama da ƙasa.

"To, ga shi nan ya gaji," in ji Kaka, ta lalubi sandarta za ta miƙe. Babanmu ya dubi ƙaninsa da wani irin kallo da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Baffa, gumi na zubo masa, ya ce, "Inna, don Allah ki zauna. Kaya ne suka yi wa na'urar yawa. Gidajen nan da motocin duk ita ke ɗauke da su, ƙarfinta bai kai ba."

Kaka ta tsaya da sanda a hannu. "Au, lodi ka yi masa? Kai da karatunka ba ka san ko jaki in an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa durƙushewa yake ba? Sauke masa." Ta koma ta zauna, ta miƙo mini maficinta. "Ƙawata, yi masa fifita, ya jigata."

Daga nan ita ta karɓi ragamar aikin. Ni ina fifita bayan akwatin kwamfutar da hannu biyu, Baffa na latse-latse, ita tana nuni da sanda. A cire motocin nan, ina ruwanmu da su. A cire dabino, in an je a ci na gaske. Inuwa ma kaya ce? To a sauke. Da ya zo kan gine-gine ta ce a rage, amma a bar masallatan. Duk abin da aka cire sai ka ga jirgin ya ƙara sakewa, kukan fanka na raguwa, har ya zo yana tafiya sumul. Garin ya koma fili da 'yan gidaje jefi-jefi, amma jirgin ya sunkuyo a hankali, tayoyinsa suka taɓa ƙasa, muka ɓarke da shewa. Sau uku ta sa aka maimaita saukar. Sannan ta tashi ta shige ɗakinta.

Muna tsaye cirko-cirko sai muka ji ana jan jaka. Ta zauna a ƙofar ɗaki tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kuka ta ba mahaifiyarmu, daddawa ta ce a raba wa maƙwabta, man shanu a yi mana tuwo da shi. Baffa ya buɗe baki, "Inna, ai jirgin gaske ba haka…" Babanmu ya taka masa ƙafa, ya ce a hankali, "Bar kaza cikin gashinta."

Abin da ya rage bai cika ƙaramar jaka ba: kaya kala biyu, carbi, buta, da wani farin yadi a ninke. Na ce ko shi ma in kai ɗaki. Ta ce, "Wannan likkafanina ne, ƙawata, zan wanko shi da zamzam. Shi kam jirgi ya yi haƙuri da shi."

Ta je, ta dawo da haƙorin Makka da labarai cike da baki. Wanda muka fi so shi ne na lokacin da jirginsu ya yi girgiza a kan teku, ta juya ta wanke wata mata ta kusa da ita tas, saboda ta ga irin jakunkunan da ta auna a Kano. Damina biyu bayan haka ƙafafun suka kwantar da ita, kuma a cikin farin yadin nan muka sallame ta.

Yanzu ina da tawa kwamfutar da tawa sandar tuƙin. Duk ƙarshen mako nakan tashi daga Kano in bi ta kan Bebeji da Ƙiru, in zaga duwatsun Doguwa, in sauko ƙasa-ƙasa har in gane rufin gidanmu. Nakan tura komai har ƙarshe, motoci da inuwa da gajimare, ba ta ko tari, kuma har yau zuciyata na bugawa in hancin jirgi ya ɗaga. Sai dai nakan yi tunanin da irin wannan Baffa ya ɗauro a babur ran nan, da Kaka ta kalla ta ce hoto ya yi kyau, ta koma ɗaki da tambayarta. Ta yarda da jirgi ne ranar da ta ga yana gajiya kamar kowace dabba, kuma ta san maganin abin. Da na'urar Baffa mai ƙarfi ce, da kakata ba ta ga Ka'aba ba.