Ruwan da Ya Ƙi Hawa Tudun Surukina

A shekarun farin nan ni ne mai tada injin ruwa a wani gari kusa da Gangara. Bututun da ke kai ruwa daga burtsatse zuwa cikin gari tsohon bututun mai ne, wanda wani ɗan kwangila ya kwaso daga kudu bayan masu shi sun yi masa ritaya. Ya shafa masa fenti ya ce sabo ne. Allah ya isa.

Tsatsa ta gama cinye shi ta ciki. Duk sati sai ya huje, in ɗaure da robar tayar keke. Ranar da na ƙwanƙwasa shi da sifana na ji yana amsawa kamar gwangwanin madara. In ya tsage, garin ba shi da wani ruwa, gulbi ya zama rairayi. Sai na rage wa injin wuta don ruwan ya riƙa tafiya a hankali.

Da ƙarfin ya ragu, ruwa ya daina hawa unguwar tudu, famfonta ya kafe. A nan kuwa gidan surukina yake, tsohon maƙeri, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gari ya ɗauka cewa da gangan na yi. Matata ta koma ajiye min tuwo kamar tana ba akuya dusa.

Rana ta huɗu sai ga surukina da kansa a ɗakin inji. Na tuɓe takalma na durƙusa, ina jin auren nan ya ƙare.

"Kai ka kashe muna ruwa?"

"Baba, ƙarhen na ya mutu."

Ya karɓi sifanar, ya bi bututun yana bugawa yana kasa kunne, ni ina biye da shi a sunkuye. Can ya tsaya.

"Wanga ko wuƙar yankan kuɓewa ba ya yi. Kak ka ƙara mishi wuta, ko wa ya ce." Har na fara hamdala, ya ce, "Sai dai jakina ya mutu bara. Kai kau ɗana na."

Har damina ta sauka ina hawa tudun nan kowace safiya da garwa biyu a sanda, yara suna yi min kukan jaki. Na ji haushi ƙwarai. Bututun bai fashe ba, garin ya sha ruwa, ni kuwa har yau kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai.