Sunan da Malam Ya Ara

A gidanmu na Wagini, da an idar da sallar isha'i ƙofar ɗakin Iya muke nufa. Iya ita ce kakata ta wajen uba, gajeruwar mace mai faɗa da kyauta. Takan hura wuta da karan dawa, ta tura gyaɗa sabuwar cira cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta, ido ɗaya a bakinta ɗaya a kan gyaɗar. Wanda ya yi gyangyaɗi, rabonsa ya tafi. Tatsuniyoyinta duk mun haddace su, amma in ta tsallake wani wuri sai mu yi mata ca har ta koma baya.

Kakanni maza biyu na taso na tarar. Malam Isyaku, mijin Iya, malami ne ɗan malamai, kuma tsohon soja, ya je yaƙin Jamus na farko. Hannunsa na dama babban yatsa da ƙaramin kawai suka rage, in muka tambaya sai ya ce kura ce ta yi kalaci da sauran. Ɗayan shi ne Kaka Bawa, mahaifin uwata, mahauci a kasuwa. Ina sonsa, ba na musu, har shekarar da aka ɗauke ni makarantar boko. A can ne yara suka riƙa toshe hanci suna ce mini jikar mahauta. Na dawo hutu da girman kai fal cikina. Ranar kasuwa ya hango ni daga rumfarsa, ya ɗaga murya: "Amarya! Zo ki amshi tsirenki!" Na ɗauke kai kamar ba da ni yake ba, na wuce. Shekarata tara, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da daren ranar, don in nuna wa sauran yara na iya boko, na matsa wa Iya ta fito da lambar yaƙin Malam da take ajiye a ƙasan kwalla. Na karkata ta wajen hasken wuta, na bi haruffan da ke gefenta ɗaya bayan ɗaya. Na sake bi. BAWA WAGINI, haka aka rubuta.

"Iya, Turawa sun yi kuskure. Wannan ba sunan Malam ba ne."

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. Ashe labarin kasuwa ya riga ni isowa gida.

"Turawa ba su yi kuskure ba, 'yar boko," in ji ta. "Yau babu tatsuniya, kada wanda ya ce ta zo mu ji ta. Wagga da idona na gan ta."

Ta ce tun suna yara Malam da Bawa ba a raba su, duk da dukan da Malam ya sha a gida kan yawo da ɗan mahauta. Da yaƙi ya yi zafi, aka aiko kowane gari ya ba da mutane. Mai gari na lokacin ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa, ya ba da sunan Bawa. Bawa kuwa shi kaɗai uwarsa ta haifa, ga ta makauniya, ga matarsa da tsohon ciki. Malam yana da 'yan'uwa maza huɗu. Yana kuma da hannun rubutu irin wanda ake zuwa kallo har daga garin Babban Duhu, ya fara rubuta Alƙur'ani da hannunsa har ya kai izu talatin.

Ran da aka tara mutane a Safana, wani dogarin Katsina wanda bai san fuskar kowa ba ya riƙa kiran sunaye. Ya ce, "Bawa Wagini!" Kafin Bawa ya buɗe baki, Malam ya miƙe ya ce, "Na'am." Bawa ya riƙe masa riga, ya fizge. Mai gari ya gani, ya sunkuyar da kai, don in ya yi magana shi ma za a tambaye shi yadda ya yi zaɓensa.

"Ubanki na goye a bayana, watanshi bakwai," in ji Iya. "Da asuba, kafin su tafi, Malam ya zo ya faɗa mani abin da zai yi. Na ce, kai ba ka da ɗa? Ya ce, ɗana na da baffanni huɗu, ɗan cikin can ba shi da kowa. Na juya mashi baya na ci gaba da daka. Ko a dawo lafiya ban ce mashi ba. Damina uku ina cizon yatsa."

Wahalar da ta biyo baya har da abin dariya. Tunda Bawa yana bakin daga a takardar Turawa, ba shi da ikon zama a Wagini. Duk ran da masinja ko dogari ya shigo gari, sai a ruga kasuwa a janyo shi, a wanke masa hannu, a naɗa masa rawanin Malam, a zaunar da shi a zaure. Wata rana wani masinja ya tarar da shi riƙe da allo a juye, samansa a ƙasa, ya ce, "Malam, haka kuke karatu a nan?" Surukin Iya, mahaifin Malam, ya yi wuf ya ce, "Wanda ya haddace, ta ko'ina ya riƙe daidai ne." Gari guda, manya da yara, babu wanda ya tona. Muka yi ta dariya a bakin wutar nan, Iya ba ta yi ba.

Ta ce kowace damina sai Bawa ya shuka gonar Malam kafin ya taɓa tasa. Kowace kasuwa sai ya aiko da nama, ita kuwa ta mayar. Shekara guda cur tana mayarwa yana aikowa.

Bayan damina ta uku, ranar kasuwa, wani ramammen mutum ya shigo gari da tsohuwar rigar soja. Bai nufi gida ba, rumfar mahauta ya wuce. Bawa ya gane shi, ya yar da wuƙa, ya miƙa hannu su gaisa. Sai ya ga abin da ya rage na hannun da ya rubuta izu talatin. Ƙato kamar Bawa ya zube ƙasa yana kuka, kasuwa ta tsaya cak.

Nan Iya ta sassauta murya. Ta ce tana wurin, ta je sayen gishiri, kuma ga abin da Malam ya ce:

"Tashi, Bawa. Sunanka na kawo maka. An kai shi bayan teku, ya sha yunwa, ya sha ruwan sama. Ban yi sata da shi ba, ban gudu da shi ba, ban bar salla da shi ba. Amshi abinka, ka ba ni nawa."

Daga zaure muna jiyo muryar Malam yana biya wa manyan ɗalibansa karatu, muryar da nake ji kullum, amma a daren sai na ji kamar ban taɓa saninsa ba.

"Ke kuma kin yafe mashi?" in ji wata 'yar baffana.

"Na kai mashi tuwo, na ga yana ta fama, loma ta ƙi tsayawa a yatsu biyu. Na rufe ƙofa na ba shi a baki." Ta nuna mu da tsinke. "Wanda ya kai zancen ga waje, ni da shi ne."

Malam bai ƙara riƙe alƙalami ba. Da ubana ya tasa, sai ya zaunar da shi a gabansa, ya kama hannunsa da hagu yana jan sa a kan takarda, shekara da shekaru, har ubana ya cike izu talatin ɗin da suka rage. Kuma da ya isa aure, Malam da ƙafarsa ya je ya nema masa 'yar Bawa, dangi suna ta surutun gidan malamai ba ya haɗa jini da mahauta. Haka aka ɗaura auren.

"Cikin nan da aka tafi yaƙi dominshi," in ji Iya, tana dubana, "ita ce uwarki. Malam ya ba da yatsu uku don kada sunan Bawa ya ji kunya. Ke gaisuwa ta gagare ki."

Ban ci gyaɗa ba a daren. Kasuwa ta gaba tun da hantsi ina rumfar Kaka Bawa, na durƙusa har ƙasa a gaban kowa. Ya dube ni ya yi dariya. "Amarya, yau kunnen ya buɗe?" Ya ba ni tsire biyu, har da na wancan makon.

Duk sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Na yi shekaru ina koyarwa, na ga mutane da yawa masu tsaron sunansu, wasu har da faɗa. Wanda zai ɗauki sunan wani, sunan da gari ya raina, ya riƙe shi kamar amanar marayu a inda babu mai ganinsa, mutum ɗaya na sani. Da ina yarinya tafiyar ce take ba ni mamaki. Da na girma sai na ga abin mamakin shi ne shekara arba'in da ya yi bayan nan, yana wucewa ta rumfar Bawa kullum, bai taɓa ɗaga masa hannun nan don ya tuna ba.

Alƙur'anin yana wurina, ana ganin shafin da rubutu ya sauya hannu. Lambar ma tana wurina. Kwanan baya jikata ta karanta gefenta, ta ce, "Hajiya, ta wane ce?" Na ce sunan na kakana ɗaya ne, yatsun na ɗayan. Ta ce ba ta gane ba. Na ce ta kira sauran, ta zo da gyaɗa.