Firijin Kamfanin Mai Kore

Ranar da lemon nan ya shigo unguwarmu ta Aboabo, da mota 'yan kamfanin suka zo mai lasifika, 'yan mata sanye da korayen riguna suna raba wa mutane kyauta. Kwalbar koriya ce, ruwan ciki rawaya, ɗanɗanonsa tsakanin lemun tsami da lemun zaƙi, ga gas mai hawa hanci. Sun ce yana korar barci, yana ƙara ƙarfi. Sunansa na Turanci ya gagari bakinmu, sai muka riƙa ce masa mai kore. Direbobin motocin haya da muke ce wa toroto, masu turin kaya a kasuwar Kejetia, teloli in Sallah ta matso, kowa mai kore.

Lokacin ina da ɗan kiyos a ƙofar gida, ina sayar da sabulu, sukari da madara. Da kamfanin suka ga wurin bakin hanya ne, sai suka kawo mini firiji aro, dogo mai ƙofar gilashi. Sharaɗinsu shi ne lemonsu kaɗai za a sa, kuma ranar da na daina sayar da shi za su ɗauke abinsu. Maigidana yana tsaye aka faɗa, shi ya miƙa hannu ya ce ya yarda. Da na san abin da wannan musabahar za ta jawo mini, wallahi da na aike shi kasuwa ranar.

Maigida dillalin shanu ne, iyayensa daga Nijar suka sauko. Mutum ne da in ya tsinci allura a hanya sai ya nemi mai ita. Mutane suna yaba masa, ni kuwa da nake zaune da shi na san wahalar abin.

Ana nan ciwon suga ya kama shi, aka ɗora shi kan allura safe da yamma. Nas ta ja mini kunne, ta ce maganin ba ya son zafi. Na fara kaiwa gidan maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara, injinta ya daskarar da shi, muka zubar. Sai na tura shi can bayan kwalaben mai kore. Maigida ya ce a'a, mutanen nan sun ce nasu kaɗai. Sai da na tare direban da ke kawo kaya na tambaye shi a gabansa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ku sa mana, ai kuna sayar mana da kaya." A kan wannan maganar ya yarda.

Shekarun farko mai kore ya yi kasuwa. Daga baya wasu suka fito a roba, masu araha. Aka fara surutu wai yana sa bugun zuciya. Kamfanin ya rage girman kwalba, ya canza ɗanɗano, masu sha suka ce ya zama ruwan wanke kwano. Motar da ke zuwa kowane mako ta koma sai an ga dama. Zuwansa na ƙarshe, direban ya raɗa mini cewa an daina yin lemon. Na ce ya rufa mini asiri kada ya faɗa a cikin gida.

Na san mijina. In lemo ya ƙare, a wurinsa alkawari ya ƙare, firiji ya koma ga masu shi. Ga ciwo ya cinye jarin shanu, sayen namu ba ma zancensa ake ba. Idonsa kuma ya fara tafiya. Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya laluba ya buɗe firijin, ya shafa kwalaben, sannan ya zauna in yi masa allura.

Nan na shiga farautar mai kore. Kejetia na bi ta layi-layi, na shiga unguwar Akwatialine, na leƙa shagunan da ƙura ta rufe kayansu. Wata mata ta ce mini da yaren Twi, "Maame, me za ki yi da mushe?" Na ce ita dai ta ba ni. Nakan ɗoro a kai in hau toroto, ƙafafuna a kumbure, in jera su in goge. Sayarwa kuwa na daina. Wani direba ya hango su ta gilashi ya yi ta roƙona, na ce na ado ne. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai kanti mai rowar kayan sayarwa ba. Na ce to yau ya gani.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Ga jinya, ga wuta da ake ɗaukewa in yi ta jiƙa tsumma ina naɗe magani, ga ƙaryar da nake goyo kamar jariri.

Wata safiya yana zaune a bencin kiyos ya ce, "Ke, rabona da in ji an buɗe kwalba a nan, na manta."

Na ce kasuwa ce ta yi sanyi.

Ya ce, "Makaho ne ni, ba kurma ba. Ɗauko mayafinki, ki kai ni wurinsu."

Muka shiga tasi har inda depon kamfanin yake. Muka tarar an mai da wurin shagon tayil. Mai gadi ya ce sun daɗe da tattara nasu ya nasu, bai san inda suka nufa ba. Ei, ranar har na ji kamar in yi guɗa a titi! Na ce, "To Alhaji, ka ji da kunnenka, babu mai shi."

Ya ce, "Akwai mai shi, mu ne ba mu gan shi ba. Kin ji ya ce ya yafe?"

Har limamin unguwa na kawo masa, ya ce lalura ce, babu laifi. Ya yi wa liman godiya, bayan ya fita ya ce in cire maganinsa in sa a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi, yadda ya ji wasu na yi a ƙauye. Na ce to. Amma ban yi ba. A firiji yake kwana, in ya tafi masallaci in mayar gindin randa da sauri.

Rannan ya ce in miƙo masa maganin. Ya juya 'yar kwalbar a tafin hannunsa. Can ya ce, "Randa ba ta yin wannan sanyin." Na ce, "Ni dai ba zan zauna ina kallo ka mutu saboda ƙarfen wasu ba, ka yi fushin da za ka yi." Sai ya ɗaga rigarsa, na yi masa allurar. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake taɓa ƙofar firijin ba. In zai wuce sai ya raɓe ta ɗaya gefen.

Ya ƙara shekaru a haka, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan. A asibiti, kwana kaɗan kafin ya cika, ya kamo hannuna. Na matso, na ɗauka zancen yara zai yi. Ya ce, "Yanzu kin gama da shi. Ki mayar musu."

Na ce na ji.

Na tambayi tsofaffin direbobi, na sa 'yata ta duba a waya, ta ce wani kamfani ya saye su, shi ma kuma an sayar da shi. Firijin yana nan a kiyos, na cire shi daga wuta, kwalaben na ciki, ruwansu ya koɗe. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya, na ce ba nawa ba ne. Har yau in babbar mota ta rage gudu a ƙofar gida sai in leƙa. Da can tsoro nake kada su ne, yanzu kuwa roƙon Allah nake ya sa su ne.