Kifin Siminti

Shekara talatin tsohon mai haƙar rijiya yana sayen duwatsun ado, ko ƙurarsu matarsa ba ta isa ta kakkaɓe ba. Abin tinƙahonsa wani dutse ne mai ƙashin kifi, wanda dillali ya rantse ya girmi kakan kowa.

Ranar da rufi ya yi yoyo, sai ga kifi yana zubar da fenti. Tsoho ya rarumo guduma. Ya rotse kifin, ashe siminti ne. Masu ƙyallin kuwa fasassun kwalabe. Ya bi su yana zunduma ashar, jini na bin yatsunsa.

Na ƙarshen ya ƙi fashewa, gudumar ta dawo ta tsaga masa goshi.

Matarsa ta leƙo. "Malam, ai wannan na tokare ƙofa ne. Kai ka haƙo shi."