Gaba Biyu Bayan Ganin Ruwa

Asabar: Dutse zuwa Miga

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutse a cikin a-kori-kura, ni da sumuntin da za a ƙarasa rijiyar ƙauyenmu da shi. Saƙo ne ya same ni a ofis cewa masu haƙa sun taɓa danshi, daga nan barci ya ƙaurace mini don murna. Tun tasowata Inna, mahaifiyata, take zuwa ɗebo ruwa wani ƙauye da tulu a ka, ga shi yanzu gwiwa ta fara ƙi.

A shingen Kiyawa ɗan sanda ya leƙa bayan mota ya tambaya ko gidan amarya zan gina. Na ce rijiya ce, ya ɗaga mana hannu har da addu'a. A Jahun muka karya da koko da ƙosai, direba na ta mitar na ɗora wa motarsa kayan tirela. Sha ɗaya saura muka wuce Miga, muka saki kwalta muka kama burji.

Guɗa ce ta tare mu tun daga bakin gari. Ruwa ya fito! Har an kama rago za a yanka, ni kuwa na diro daga mota na bar takalmi ɗaya a ciki.

Sai ga Malam Ɗanjuma, shugaban masu haƙa, ya fito daga rami duk taɓo, ko murmushi babu. Ya ce da sauran rina a kaba. Dattawa suka shiga roƙonsa a tsaya haka, mutane sun gaji. Ni ma raina ya so haka. Shi kuwa ya nuna wani kwari can bayan masallaci.

"Alhaji, waccan tsohuwar rijiyar ma an ga ruwa aka tsaya," ya ce da mai unguwa. "Damina ɗaya ta rufta. A ƙara mini gaba biyu, a sa zoben sumunti, a ɗaure baki."

Aka saki rago ya koma turke.

Lahadi zuwa Laraba

Nan na san aiki. Muna kwarfe ruwa da guga, shi yana haƙa a ƙasa. Hannuna na biro ya yi kanta, matasa suna ta yi mini tsiya wai ma'aikaci ya zo hutu. Matan ruga suka riƙa kawo mana fura da nono, su ma rijiyar tasu ce. Ranar Laraba hadari ya haɗo ta gabas muna shafe bakin rijiya, babu wanda ya ajiye cebur sai da muka gama.

Alhamis: komawa gida

Da hantsi Inna ta zura gugan farko. Ta sha, ta wanke fuska, sannan ta ɗauki gammon da take ɗora tulu a kai ta miƙa mini.

"Tafi da shi Dutse, ni na gama da shi."

La'asar ta yi mini a gidana a Dutse lafiya lau, gammon na kan cinyata. Godiya ta tabbata ga Allah, shi kuma Malam Ɗanjuma Allah ya saka masa da ya hana mu cin ragon nan ranar Asabar.