Ranar da na wuce surukina ban gaishe shi ba

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da ranar da na yi gwajin tuƙi a Haɗejia ba. Shekara goma sha biyu ina jigilar shinkafa daga Auyo ba lasisi, ina kuma ganin duk garin babu direba kamata. Sai aka yi mini tayin aikin tuƙi a wani ofis, da sharaɗin in kawo lasisi a makon nan, in ba haka ba a ba wani.

Jami'in gwajin wani ɗan Filato ne marar fara'a. Ya zauna gefena da takarda da biro, ya ce, "Malam, duk kuskure zan cire maki. Idan na ja layi biyar, ka faɗi."

Na tayar da mota ban dubi madubi ba, ya ja layi. A raina na ce wanda ya saba ratsa taɓon fadama, me zai gani a madubi? A bakin kasuwa na hangi mai sayar mini da kifi, na danna masa hon sau biyu. Layi. Na ce, "Yallaɓai, gaisuwa ce fa." Ya ce babu gaisuwa a takardarsa. Can gaba ga limaminmu, na saki sitiyari na ɗaga masa hannu biyu, motar ta ɗan karkata. Wannan kam layi biyu ya ja mini lokaci guda, har da tsaki.

Saura ɗaya. Muna shan kwana sai ga surukina a kan benci, yana fuskantar titi. Dattijon nan ko a keke ka wuce shi ba ka sauka ba, sai zancen ya kai gidanku. Ga aiki, ga suruki. Na ƙanƙame sitiyari, na sandare wuya, na wuce shi a hankali, gumi na tsiyaya har cikin kunnena. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na dai ci gwajin. Da la'asar na je na durƙusa, na ce, "Baba, a gafarce ni, ɗazu na wuce ban gaishe ka ba."

Ya ƙura mini ido ya ce, "Au, dama kai ne? Na ga kamar kai, to amma da na ga motar tana tafiya sak a hannunta, ba gudu ba hon, sai na ce wannan ba kai ba ne."

Maganar ta fi layukan ɗan Filato zafi. Ashe shekara da shekaru mutane suna amsa gaisuwata ne suna addu'ar in wuce lafiya. Tun daga ranar na gane cewa kyakkyawar gaisuwar direba ita ce ya riƙe sitiyarinsa, ya bar mutanen bakin titi da ransu.